Shin Ko Kun San? Sirrin Juya Hoto Daga JPG Zuwa PNG da Sauransu

Shin ko kun san cewa hoton da kuka ɗauka da waya jiya, da za a bar shi ba tare da an matse shi ba, nauyinsa zai kai megabait 36? Lissafin ba shi da wuya. Kyamara mai megafiksel 12 ɗigo miliyan 12 take tarawa ta jera, kowane ɗigo kuma yana cin bait 3: ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Amma in kun leƙa ma'ajiyar wayar za ku tarar hoton bai wuce megabait 3 ko 4 ba. An matse shi tun kafin ku gan shi. Haruffan nan da ke bayan sunan hoto, JPG ko PNG ko HEIC, su ne ke faɗin irin matsar da aka yi masa. Juya hoto daga wani tsari zuwa wani kuwa, warware shi ake yi a sake matse shi ta wata hanya, kuma ba kowace hanya ce ke dawo da kaya cif-cif ba.

Ko kun san a Jos wannan juye-juyen abinci ne ga mutane da yawa? Lokacin rajistar ɗalibai ku leƙa shagunan kwamfuta da ke kan titin Bauchi, daura da Jami'ar Jos, ko na Farin Gada da Terminus. Za ku ga ɗaliba riƙe da waya tana cewa, "Malam, shafin ya ƙi karɓar fasfo ɗina." Mai shago ba ya ko ɗago kai. "Ya yi nauyi ne, ƙanwata. Turo shi a rage." Ya buɗe wani shafi a intanet, ya ɗora hoton, ya danna, ya sauke. Kafin minti ɗaya an gama. Abin da ya faru da hoton cikin wannan minti ɗaya shi ne mutane ƙalilan suka sani.

Shin ko kun san JPEG asalinsa sunan kwamiti ne? Taron ƙwararru ne kan harkar hoto da aka kafa a 1986, suka fitar da ƙa'idarsu a 1992, sai sunan kwamitin ya bi fayil ɗin. JPG da JPEG kuma abu ɗaya ne. Tsofaffin kwamfutoci masu aiki da DOS ba sa karɓar fiye da harafi uku bayan ɗigo, shi ya sa aka yanke harafi guda. Wanda ya biya kuɗi don a juya masa JPEG zuwa JPG, iska ya saya.

Ko kun san dabarar da JPEG ke tafiya a kanta wani malami ɗan asalin Indiya ne ya kawo ta? Sunansa Nasir Ahmed, haifaffen Bangalore. A 1972, yana koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, tunanin ya zo masa. Ya nemi tallafin bincike aka hana shi, wai abin ya yi sauƙi da yawa. Bai haƙura ba. Shi da abokan aikinsa biyu, T. Natarajan da K. R. Rao, suka wallafa sakamakon a 1974. Yau kusan duk hoto da bidiyon da ke yawo a wayoyin duniya ta kan lissafinsa yake bi, amma ko cikin masu sana'ar hoto da wuya ku sami wanda ya taɓa jin sunansa.

Ga yadda abin yake. JPEG yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance. A cikin kowane gida sai ya ware abin da ido ke gani sosai da abin da ido ba ya kula da shi, ya zubar da na biyun. Idon ɗan Adam ya fi lura da haske da duhu fiye da bambancin launi, don haka launi ne ya fi shan yanka. Kamar tankaɗe ne: garin da ya sauka ƙasan rariya shi ne hotonku, tsakin da ya rage a sama an watsar da shi, ba kuma zai dawo ba. Tankaɗe ɗaya ba ya ɓata komai da ido zai gani. Matsalar tana zuwa ne in aka yi ta maimaitawa. Ku ɗauki katin gayyatar biki da ya zagaya rukunonin WhatsApp, wannan ya ɗauki hoton allo ya tura, wancan ya yanke gefe ya tura. Ku buɗa shi da yatsu biyu. Za ku ga wata ƙura-ƙura kewaye da haruffa, jan rubutu ya malale ya shiga fari, kuncin amarya kuma ya koma ƙananan murabba'ai. Gidajen nan ne na ɗigo takwas-takwas suka fito fili.

Shin ko kun san juya JPG zuwa PNG ba ya ƙara wa hoto kyau ko kaɗan? Wannan kuskure ya yi yawa, har da masu shago. An ji cewa PNG ba ya zubar da komai, sai a ɗauka zai gyara abin da ya lalace. Gaskiya ne ba ya zubarwa, amma abin da aka ba shi kawai yake adanawa. In ka ba shi hoto mai ƙura, zai riƙe maka ƙurar da amana, ya kuma ninka nauyin fayil ɗin sau da yawa. Ka ƙona data, hoto yana nan yadda yake.

Haka nan sauya sunan fayil ba juyawa ba ne. Wasu sukan goge PNG a ƙarshen suna su rubuta JPG da hannu. Kowane fayil yana da shaida a farkon cikinsa: na JPEG yana farawa da lambobin FF D8, na PNG kuwa haruffan sunansa na nan rubuce a baitocinsa na farko. Manhaja mai lura cikin take dubawa, ba sunan ba. Shi ya sa wani shafin zai ce muku fayil ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Ko kun san rigima ce ta haifi PNG? A 1987 kamfanin CompuServe ya fito da GIF, ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna Steve Wilhite. Launi 256 kacal yake iya ɗauka, amma ya karɓu matuƙa don ba shi da nauyi. Ashe dabarar matsewar da ke cikinsa mallakar wani kamfani ce, Unisys. A ƙarshen 1994 aka sanar cewa masu ƙera manhajojin da ke aiki da GIF sai sun biya. Ran masana ya ɓaci. Cikin makonni kaɗan a farkon 1995, Thomas Boutell da wasu 'yan sa-kai suka tsara sabon tsari wanda ba na kowa ba, a 1996 kuma aka amince da shi a hukumance. Ikon mallakar Unisys ya ƙare a Amurka a 2003. GIF bai mutu ba, don yana motsi, amma PNG ne ya gaje aikin tambari da zane da rubutu.

Akwai abu guda da PNG ke yi wanda JPG ba zai taɓa iyawa ba: barin bayan hoto fayau, ba fari ba baƙi. Tambarin makaranta, hatimin ƙungiya, sa hannun da za a ɗora kan takarda, duk wannan suke bukata. Da zarar an juya su zuwa JPG, sai wani farin akwati ko baƙi ya fito a bayansu. In kun ga fosta da tambari zaune cikin farin akwati a kan koren fili, to abin da ya faru ke nan.

Shin ko kun san dalilin da ya sa hoton iPhone ke yawan ba da ciwon kai a shagunan kwamfuta? Tun 2017 kamfanin Apple ya koma ajiye hotuna a tsarin HEIC, wanda ke cin kusan rabin wurin da JPEG ke ci. Tsari ne mai kyau, sai dai tsofaffin kwamfutoci da shafukan rajista da yawa ba su san shi ba. Maganin yana cikin wayar: a saitin kyamara, a ɓangaren tsarin hoto, akwai zaɓin da zai sa ta riƙa ɗauka da JPEG kai tsaye.

Ɗan'uwansa wajen rikita mutane shi ne WebP, na kamfanin Google, da ya fito a 2010. Shi ne wanda za ka sauke hoto daga intanet, tsohuwar manhajarka ta ce ba ta san shi ba. Sitikokin WhatsApp da ake ta musaya yawancinsu WebP ne, faɗi ɗigo 512, tsawo 512.

Ko kun san hoton farko da aka taɓa shigarwa kwamfuta bai kai rabin faɗin sitika ɗaya ba? A 1957 ne, a Amurka, Russell Kirsch ya yi sikanin hoton jaririn ɗansa: ɗigo 176 a kwance, 176 a tsaye, ba launi. Kyamarar dijital ta farko kuwa Steven Sasson ne ya haɗa ta a kamfanin Kodak a 1975. Daƙiƙa 23 take ɗauka kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset.

Mu koma wurin masu ɗab'i, don a nan ne ake asarar kuɗi da gaske. Shin ko kun san hotuna jinsi biyu ne? Akwai na ɗigo, irin su JPG da PNG, akwai kuma na layi, irin su SVG da fayilolin CorelDRAW, manhajar nan ta Kanada da ta fito a 1989 wadda kusan kowace maɗaba'a a ƙasar nan ke aiki da ita. Na layi ba ɗigo yake ajiyewa ba, umarni yake ajiyewa: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi haka, cika shi da kore. Shi ya sa za a iya buɗa shi daga girman katin shaida zuwa girman allon talla na bakin titi bai fashe ba. Juya na layi zuwa na ɗigo abu ne mai sauƙi. Komawa baya ne wahala, don kwamfuta kintace kawai take yi, sau da yawa sai an sake zanawa da hannu. Duk ƙungiyar da ta biya aka zana mata tambari, ta karɓi fayil ɗin layi ta ajiye. In JPG kaɗai aka ba ku, rabin kayanku kuka karɓa.

Ga wani lissafin da ya kamata duk mai shirin biki ko taro ya riƙe. Ɗab'i mai kyau na abin da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Cikakken shafin A4 ke nan yana bukatar ɗigo 2480 a kwance, 3508 a tsaye. Hoton da faɗinsa ɗigo 600 ne, inci 2 kawai zai cika da kyau. In uwar biki ta kawo irinsa ta ce a yi kalanda, mai ɗab'i zai ja shi ya cika shafi, fuska ta fito dishi-dishi, a zo ana cacar baki. Ba laifin inji ba ne. Ɗigon ne babu. Manhajojin zamani masu ƙirƙirarriyar basira suna iya cike gurbin, amma ƙirƙira suke yi: sukan gyara wa mutum hanci ko ido ta yadda mahaifiyarsa za ta ce wannan ba ɗanta ba ne.

Launi ma yana da tasa rigimar. Allon waya da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i da tawada huɗu yake haɗawa, waɗanda ake kira CMYK. Akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da allo ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya kai wa gare su. Ku nemi a buga muku gwaji ɗaya ku gani a takarda kafin a saki dubu.

Shin ko kun san haruffanmu masu ƙugiya suna iya ɓacewa a hanya? Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ka tsara kati a kwamfutarka da ƙ da ɗ da ɓ, ka kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da irin salon rubutun da ka zaɓa, sai ka ga akwatuna ko alamar tambaya a gurbinsu. Masu sana'ar sun san magani: a mayar da rubutun zane kafin a fita da fayil, ko a fitar da shi a PDF tare da salon rubutun a ciki. PDF ɗin, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, don haka aka yi shi tun farko, takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura.

Ko kun san ofisoshin da suka san aiki ƙa'ida suke bayarwa dalla-dalla? Hoton neman bizar Amurka ta intanet, alal misali, dole ya zama JPEG, faɗi da tsawo daidai, daga ɗigo 600 zuwa 1200, nauyi kada ya wuce kilobait 240. In za ku rage nauyin kowane fasfo, ku fara rage faɗi da tsawonsa zuwa abin da aka nema, sannan ku matsa kaɗan. Wanda ya bar hoto da girmansa ya yi ta matsa shi har ya shiga, fuska ce za ta biya.

Shin ko kun san Jos na cikin garuruwan da wannan magana ta fi shafa a duk Najeriya? A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, tare da makarantarta ta koyon fim da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa. Kwalejin Talabijin ta NTA tana Rayfield. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano faya-fayansa a ajiyar hukumar, cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta gyara shi ta mayar da shi dijital, aka nuna shi a bikin fina-finan Berlin na 2018. Irin wannan aiki hoto-hoto ake yin sa. Fim na sinima hoto 24 ne a kowace daƙiƙa, wato fim na awa biyu hoto 172,800 ne, kuma masu adana kayan tarihi sukan ajiye kowane ɗaya ba tare da an zubar masa da komai ba. Daga wannan uwar ajiya ake cire kwafi mara nauyi na kallo. Da asalin fim ɗin bai tsira ba, da babu abin da za a juya.

Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, an fi saninsa da sassaƙen Nok, amma yana riƙe da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci masu daraja. Masu ɗaukar hoton irin waɗannan takardu TIFF suke amfani da shi, tsarin da kamfanin Aldus ya fito da shi a 1986, kuma shi ne shirin Ɗakin Karatu na Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari yake nema a wurin masu yi masa aiki. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya yi makarantar allo. Ɗigo ɗaya ke raba harafi da harafi, wasulla kuma da jar tawada malamanmu suke sa su. Siririn jan layi a kan takardar da ta yi ruwan ƙasa shi ne irin abin da JPEG ke fara cinyewa. Ina roƙon masu tsofaffin kundaye a gida, da masu hotunan kakanni na zamanin haƙar kuza a Bukuru da Gangare: in za a yi muku sikanin, ku ce a ajiye muku TIFF mai ɗigo 600 a kowane inci ga ƙananan hotuna, sannan a cire JPG daban na tura wa dangi.

Ko kun san WhatsApp yana da ƙofar da ba ya taɓa hoto? In kun tura shi a matsayin hoto, zai rage shi ya matse. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya rage ɓarnar, bai kawar da ita ba. In kun tura shi a matsayin takarda, yadda yake haka zai isa. Duk abin da za a kai maɗaba'a ta nan ya kamata ya bi.

Sai maganar da ta fi damuna. Shin ko kun san in kuka ɗora hoto a yawancin shafukan juyawa na kyauta, hoton ya bar hannunku ya tafi kwamfutar wani da ba ku sani ba, a ƙasar da ba ku sani ba? Suna cewa za su goge shi bayan 'yan awanni. Wasu suna cikawa, amma ku ba ku da hanyar tabbatarwa. Ku tuna me ake ɗorawa a shagunan nan: takardar NIN, shafin fasfo, takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, sa hannu. A watan Maris na 2025 ofishin hukumar FBI na birnin Denver ya yi gargaɗi cewa 'yan damfara na buɗe shafukan juya fayil na bogi. Aikin da ka nema za su yi maka, amma su kwashi bayanan da ke cikin fayil ɗin, ko su haɗo ka da muguwar manhaja. In kun nemi JPG aka ce sai kun sauke wata manhaja tukuna, ku rufe shafin. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, sai dai kamo mai shafin da ke wata nahiyar ba ƙaramin aiki ba ne.

Hoton kansa ma yana da baki. A cikin fayil akwai ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF, wanda masu ƙera kyamara na Japan suka tsara a 1995: irin wayar, rana da lokaci, har da daidai wurin da aka tsaya in an bar manunin wuri a kunne. A Disamba 2012, attajirin manhaja John McAfee yana gudun hukuma, 'yan jaridar da ke tare da shi suka wallafa hotonsa ba su goge wannan bayani ba. Nan take duniya ta san yana Guatemala. Hoton da kuka ɗauka a tsakar gidanku kuka ɗora a shafin juyawa yana iya tafiya da adireshinku.

Ko kun san yawancin wannan aiki ba ya bukatar intanet sam? Manhajar Paint da ke zuwa da Windows tana juya hoto tsakanin JPG da PNG da TIFF da GIF, tana kuma rage girma. GIMP kyauta ce. ImageMagick, wadda John Cristy ya fara rubutawa a 1987, ta san tsari sama da 200, ita ma kyauta. In kuma dole sai shafin intanet, akwai waɗanda a cikin wayarku suke yin aikin ba tare da sun aika hoton ko'ina ba, irin Squoosh da injiniyoyin Google suka fitar a 2018. Gane irinsu ba wuya: ku buɗe shafin ku juya wani hoto marar muhimmanci, sannan ku kashe data ku sake gwadawa da wani. In ya juyu, aikin a hannunku ake yin sa, kuna iya ba shi takardunku.